Tsagi a Gefen Lamba Tara

Cuddy Elstob ne ya sa magagari ya yi wa kwandala mai lamba tara tsagi, sannan ya gaya wa mutum ɗaya tak. Abin da ya lalace ke nan. Sauran duk biyo baya suka yi.

A raminmu duk bayan wata uku ake ƙuri'ar wuraren aiki. Ɓangaren da muke haƙar kwal, can ƙarƙashin teku, wuri goma sha biyu ne, mu kuma bibbiyu ne, kowa da abokin raminsa. Ɗaya ya yi aikin safe, ɗaya ya karɓe shi da rana, abin da wurin ya bayar a raba biyu. Kwandalolin tagulla goma sha biyu, kowacce da lambarta, ake zubawa cikin hula a zauren ƙungiyar ma'aikata. Ka sa hannu, abin da ka ɗauko nan za ka durƙusa wata uku. Kakanninmu suka kafa haka don kada heluma, shugaban aiki, ya riƙa bai wa 'yan gaban goshinsa wuri mai laushi. Ba a gardama da hula.

Sha ɗaya daga ciki wurare ne irin na kowane rami, wani da ruwa har idon sawu, wani kwal ɗinsa kamar ƙarfe. Lamba tara daban take. Rufinta cike yake da abin da muke kira gindin tukunya, dunƙulen dutse mai santsi da ke maƙale a sama ba abin da ya riƙe shi. Rufin kirki yana gargaɗi: itacen tokari ya yi ƙara, ƙasa ta zubo maka a wuya, ka gudu. Gindin tukunya ba ya sallama. Tsoho Ambrose, wanda ke riƙe mana hular, can ya baro ƙafarsa ta hagu, kuma Cuddy ne abokin raminsa a lokacin, shi ya jawo shi waje. Tun daga nan da an ambaci tara sai Cuddy ya tashi ya ce zai je duba tattabarunsa.

Ni Ned Heslop, abokin ramina Lance ne, ɗan Cuddy tilo. Ba ya shan giya, ba ya ashar, ran Lahadi yana wa'azi a ƙaramin cocin da ke bayan layinmu. Na sha gaya masa ni zan riƙa zagi a madadinsa, shi ya riƙa addu'a a madadina, mu raba biyu yadda muke raba kwal. Diga kam ya iya ta, kuma bai taɓa bar mini wuri a hargitse ba.

Ranar ƙuri'a na biya ta gidansu in ɗauke shi. Na tarar da uwarsa Hannah tana tura kyanwa cikin tanderun da ba wuta, yadda matanmu ke yi don mazansu su ɗauko wuri mai kyau.

Na ce, "Inna Hannah, kyanwa ɗaya ce, mazan gidanki biyu. Wa za ta yi wa aiki?"

"Ta zaɓa da kanta," in ji ta. "Matarka Peg ta sa taku?"

"Tamu ta san ranar. Tun da safe ta haye rufin ɗaki tana mana kallon raini."

Cuddy na ɗaure igiyar takalmi a bakin murhu. Bai ɗago ba ya ce, "Saki dabbar nan, Hannah. Yau ba na bukatarta."

Ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Shi da ba ya fita ranar ƙuri'a sai ya ji ƙarar murfin tanderu da kunnensa.

A zaure ma abin bai yi kama da kullum ba. Yadda aka saba, kowa ya jingina da bango yana tura na kusa da shi, don ba mai son ya fara. Ran nan mutane layi suka ja. Cuddy ne a gaba, shi zai ɗauka wa kansa da abokin raminsa Tot Purvis. Ya sa hannu, ya ɗan jima, ya fito da uku. Wuri busasshe, rufi kamar na coci. Ya koma benci ya zauna ya cusa taba a lofe, hankali kwance.

Na biyu ya sa hannu, shi ma ya jima. Na uku haka.

Ambrose ya ce, "Kai, hula ce, ba tukunyar miya ba da za ka tsaya laluben nama."

Aka yi dariya gajeriya, irin wadda ake yi da haƙora kawai. Na huɗu ya fito da sha ɗaya. Na biyar ya fito da bakwai, kuma na ga yatsunsa na motsi ta cikin ulun hular kamar mai tsince tsakuwa a wake.

Ban yi makaranta ba, amma na iya ƙirga abin da ke cikin hula. Da aka fara, mugunta ɗaya ce cikin sha biyu. Da shida suka fita ta zama ɗaya cikin shida. Wannan ba komai ba ne, yakan faru. Abin da ya dame ni fuskar Cuddy ce. Lofen na hannunsa bai kunna ba. Yana bin kowane hannu da kallo, kuma duk wanda ya fito da tasa sai ya kauce wa idonsa.

Takwas suka fita. Tara suka fita. Goma.

Saura mu, da wasu 'yan'uwa biyu, su Penrose, da ba su daɗe da zuwa daga yankin Cornwall mai nisa ba, kuma ba wanda ke zama da su a mashaya. Ambrose ya girgiza hular. Ƙarar kwandala biyu ba kamar ta sha biyu ba ce, kowa ya ji ta.

Ɗaukar Lance ce wannan karon, don juyi muke yi. Ya dubi babban Penrose ya ce, "Kai baƙo ne, fara."

"A'a, ɗan gari ya fara."

Cuddy ya miƙe. "Lance."

"Na'am, Baba?"

Bakin Cuddy ya buɗe, ya rufe. Ya dubi Ambrose da sandarsa, ya dubi mutanen da ke bango.

"Ba komai. Kada ka yi gaggawa."

Lance bai san wata gaggawa ko rashinta ba. A wurinsa hula hannun Allah ce, kuma ba a laluben hannun Allah. Ya tsoma, ya fito. Tara.

Kullum wanda ya ɗauko tara sai an tsokane shi. Wani ya ce a kira kafinta ya auna shi, wani ya ce ya bar masa wasiyyar takalmansa. Ran nan ba wanda ya tsokane shi. Suka watse kamar an ce gini zai faɗi.

Lance ya miƙo mini kwandalar in mayar cikin gwangwanin da ake ajiye su. Babban yatsana ya bi gefenta ya tsaya a wani ɗan tsagi da bai fi bakin farce ba. Na kai ta bakin taga. Tagullar ta yi baƙi don tsufa, amma cikin tsagin na ƙyalli. Makullin gwangwanin nan kuwa wurin mutum ɗaya yake, Cuddy.

Na same shi a akurkin tattabarunsa a bayan layi, yana watsa musu wake.

"Baba Cuddy, magagarinka na da kaifi."

Bai yi musu ba. Ya zauna kan bokiti a kife. "Tot kaɗai na gaya wa."

"Ka gaya wa Tot, ka gaya wa mashaya ke nan."

"Ya rantse mini."

"Ya rantse wa matarsa ma zai daina giya."

Ya ɗebi wake ya jera goma sha biyu kan katako. "Duba nan, Heslop. Ni ba mahaukaci ba ne, na yi lissafi. Kowa yana da sha ɗaya masu kyau cikin sha biyu. Idan ni kaɗai na kauce," ya ture ƙwaya ɗaya gefe, "saura suna da goma masu kyau cikin sha ɗaya. Tsakanin ɗaya cikin sha biyu da ɗaya cikin sha ɗaya ko gashi ba zai shiga ba. Me na rage wa yaron? Shekarata nawa a ramin nan? Na ɗauki ƙafar Ambrose a hannuna, Heslop, daban da shi."

Na sa gefen hannu na share ƙwaya tara na haɗa da wadda ya ture. Biyu suka rage a kan katakon.

"Ga lissafinka. Ba ka cire tara daga hula ba. Hannayen da za su iya ɗauko ta ka rage."

Wata tattabara ta sauko ta cinye ɗaya daga cikin biyun. Muka zuba mata ido, ba wanda ya kore ta.

"Me ya hana ka gaya masa?" na ce.

"Ka san shi. Da ya tsaya tsakiyar zaure ya faɗa."

"Ni fa?"

"Kai da bakinka?"

Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Na ce masa ƙungiya zan je a sake ƙuri'a. Dukanmu mun san abin da hakan ke nufi. Wanda ya taɓa hula ba mai sake shiga keji ɗaya da shi a sauka rami. Ba abokin rami, ba aiki, gidan da yake ciki kuma na kamfani ne, sai ya kwashe kayansa. Cuddy bai roƙe ni ba. Ya ce, "Je ka gaya wa Lance tukuna."

Na gaya wa Lance a ƙofar coci. Ya saurara har na gama, yana juya hularsa a hannu.

"Ka je ƙungiya, uwata ta kwana a titi," ya ce. "Mutum ashirin kuma su rantse ba su ji wani tsagi ba. Ka bar shi, Ned."

"To ku yi musanya. Doka ta yarda in dai kowa ya amince. Su da suka yi laluben su je su durƙusa a ciki."

"In tura ubana ƙarƙashin dutsen nan?"

"Shi ya tura ka."

"Hannuna ya ɗauko. Za mu ƙara itace."

Duk da haka na gwada Tot, a mashaya. Ya ɗaga kofinsa ya ce, "Musanya? Ni na ce ku tsaya kuna 'fara kai, a'a fara kai' kamar 'yan mata a bakin rawa? Wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi, Heslop." Na zuba masa sauran giyata a cinya na fita. Bai biyo ni ba.

Muka shiga tara.

Wurin bai kai tsayin ƙuguna ba, a kwance kake sara. Ruwan da ke ɗigowa daga rufi gishiri ne, ka lasa ka tuna abin da ke bisa kanka. Muka kafa itace kusa da kusa har heluma ya ce ko daji muke shukawa. Kafin in fara aiki nakan bi rufin da ƙotar diga ina ƙwanƙwasawa. Inda ya amsa da ƙarfi, lafiya. Inda ya amsa kamar ganga, a tokare. Amma gindin tukunya amsa mai kyau yake bayarwa har ranar da zai sauko. Ɓerayen da ke satar mana burodi a ko'ina cikin ramin ba sa zuwa tara. Da na lura da haka sai na daina jin yunwa a wurin.

Lance yakan karɓe ni da rana yana waƙar coci ƙasa-ƙasa. In ce masa, "Liman, ka roƙa mana ya faɗo ran Lahadi da ba kowa." Ya ce, "Na roƙa. Kai dai rage ashar, kana girgiza shi."

Wata safiya na ja da baya in sha shayi. Na ajiye gorar a gefe, na miƙa hannu in ɗauko burodi. Ba ƙara, ba ƙura. Wani dutse kamar turmi yana zaune inda gorar take, ya mai da ita faranti. A rufi kuma ga rami mai santsi, baƙi, kamar an kwashe da ludayi. Na zauna ina kallon ramin har fitilata ta fara ja. Na duba gabansa, inda za mu sara gobe, na ga wasu da'irori uku sun fara zana kansu.

Labari ya riga ni fita. Da yamma ina cikin bahon wanka gaban murhu, matata Peg na goge mini baya, sai ga Cuddy ya shigo ba sallama. Ya rame, ƙashin kumatunsa ya fito.

"Ba ni gurbinka, Heslop. Ka koma uku tare da Tot."

Peg ta tsaya da soso a hannu. 'Ya'yana huɗu na zaune kan matakala suna ji. Ban yi wani dogon tunani ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yi ba.

"Na ba ka. Amma ka sani rabina ka ɗauka, ba nasa ba. Shi yana nan da rabinsa."

"Na sani."

"Kuma uba da ɗa ba sa haɗa wuri. Dutse ɗaya, gida ɗaya."

"Ba lokaci ɗaya za mu shiga ba." Ya jawo kujera. "Na sake lissafi, wannan karon a hankali. Ina dutse ke faɗowa? A gaba, inda ake sara, inda ba a riga an tokare ba. Mai sara shi ke ƙarƙashinsa. Mai loda tarago a baya yake, cikin itace. Idan na sare kwal mai yawa da safe na tara masa, shi aikinsa loda kawai. Dutsen nan sau ɗaya zai faɗo kan mutum. Ina so in ya zo ya duba, ya fi samun ni."

"Lance ba zai yarda ba."

"A gaban heluma zan faɗa. Ba zai ce ba ya son ubansa a gaban mutane ba."

Ya tashi, ya tsaya a ƙofa. "Na koma gwangwanin. Na yi wa sauran sha ɗayan tsagi, wuri ɗaya, zurfi ɗaya. In an zo ta gaba su laluba har su gaji."

Haka aka yi. Na koma uku da Tot, muna gaisawa da kai kawai. Uku na kusa da mararrabar da ake bi a shiga tara, don haka ina ganin shigarsu da fitarsu. Cuddy yakan riga kowa shiga keji. Mutum mai shekara kusan sittin yana sara kamar ana bin sa da bulala. Lokacin tashinsa ya yi, ba ya tashi. Lance ya zo ya tarar da tsibin kwal, ya kama loda, uban na gaba yana ci gaba da sara wai saura kaɗan.

Na ji su wata rana daga mararraba.

"Baba, ku fita. Lokacina ne."

"Loda abin da ke gabanka, malam mai wa'azi. Tun kana tsumma nake wannan aikin."

"Na san abin da kuke yi."

"To ka san shebur ma. Kama."

Da Cuddy ya fito ya zauna kusa da ni yana haki, tari na fito masa da baƙi. Na miƙa masa shayi.

"A da rabin haɗarin nasa ne," ya ce. "Na mai da shi ɗaya cikin huɗu. Makon nan ina jin ɗaya cikin biyar ne."

"Ba ɗaya cikin sha biyu ka ce mini ba komai ba ne kwanaki?"

"Shi ya sa ban tsaya ba." Ya kurɓa. "Ba zan iya mai da shi babu ba, Heslop. Babu ba ta cikin hular."

Hannah ta daina fita ƙofar gida hira. Peg ta ce ta shiga aron gishiri ta tarar da kyanwar a tanderu, ranar da ba ta ƙuri'a ba. Wai kullum ne yanzu, daga fitar Cuddy har dawowar Lance. Dabbar ta saba, da kanta take shiga.

Watanni ukun sun kusa cika, har an fara zancen sabuwar ƙuri'a, mutane na tambayar juna a kaikaice ko Ambrose ya wanke hular. Ran nan da rana Lance ya wuce ni a mararraba da fitilarsa, ya ce, "Ned, yau ka yi zagi nawa?" Na ce, "Na ajiye maka rabinka." Ya yi dariya ya sunkuya ya shiga tara.

Bai daɗe ba ya fito.

"Wai Baba itace biyu yake so, masu kauri, daga wurin ajiya. Ga wasu nan a gefensa, ya ce ba su yi masa ba."

"Tun yaushe ya fara zaɓen itace?"

Lance ya tsaya. Ya juya ya dubi bakin tara. Daga ciki ana jin diga, tak, tak, tak, ba sauri, ba tsayawa. Ya ajiye fitilarsa ƙasa ya yi taku ɗaya.

Iska ce ta fara zuwa. Ta buge mu a ƙirji, ta kashe fitilar Lance, ta cika mana baki da ƙura. Ƙarar ta biyo baya, gajeriya, kamar an saki buhu daga saman bene. Daga nan sai ɗigar ruwa.

Na riƙe Lance da hannu biyu har rufin ya gama zubar da ƙananan, yana ta fizga. Sannan muka shiga. Tot ya zo, su Penrose suka zo, da mutanen da suka yi layi ranar ƙuri'a, duka. Ba mai kallon wani. Muka haƙa da hannu da shebur. Baya, inda ake loda, ko itace ɗaya bai karye ba. Taragon na tsaye, ga tsibin kwal da ya tara wa ɗansa, ga shebur a jingine inda Lance zai same shi.

Da'irorin nan uku tare suka sauko. Cuddy na ƙarƙashin ta tsakiya, a kwance ta gefe yadda ake sara, diga a hannunsa. Sai da mutum shida suka sa sandar ƙarfe kafin ta motsa.

Lance ya tuɓe rigarsa ya rufe masa fuska. Muka ɗora shi kan taragon da ya cika da safe, muka tura shi zuwa keji.